Suna Linzami: Nazari a Kan Ƙagaggun Sunayen Wurare a Labaran Al'ajabi da na Kimiyya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san tatsuniya ba ta damu da sunan gari ba. Mai ba da ita takan ce "a wani gari" ko "wani sarki", masu sauraro kuwa ba su tambaya, domin Gizo da Ƙoƙi ba su bukatar taswira. Amma da zarar labari ya bar dandali ya shiga littafi, ya yi tsawo har tauraronsa ya ratsa ƙasashe da koguna, to tilas marubuci ya raɗa wa wuraren suna. Wannan larura ta fi tsanani a cikin nau'i biyu na ƙagaggun labarai. Na farko shi ne labaran al'ajabi, watau waɗanda ake gina su a kan sihiri da dodanni da masarautun da ba a taɓa yi ba. Na biyu shi ne labaran kimiyya, waɗanda kan kai mai karatu wasu taurari ko wani zamani mai zuwa. A cikin duka biyun marubuci ba shi da Kano ko Makka da zai jingina da su. Shi ne mai aza harsashin duniyar, shi ne kuma wanzamin da zai yi mata suna.

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa ƙarfin ƙagaggen suna yana zuwa ne daga tarihin da yake ɗauke da shi: wa ya raɗa shi, da wane harshe, wa kuma ya gurɓata shi daga baya. Baƙuntar amo kaɗai ba ta isa ta sa mai karatu ya gaskata da wuri. Za mu kafa hujja da aikin J.R.R. Tolkien (1892–1973), domin a ganinmu babu wanda ya kai shi kula da wannan fanni, sa'an nan mu nuna inda aikin nasa ya gaza, kafin mu duba abin da marubuci da mai fassara na Hausa za su ƙaru da shi.

2.0 Hanyoyin Ƙaga Suna Kafin Tolkien da Bayansa

Idan muka duba littattafan Turawa za mu ga hanyoyi uku da aka fi bi. Hanya ta farko ita ce ɓoye ma'ana a cikin suna don zambo ko barkwanci. Thomas More ya kira tsibirinsa Utopia a 1516, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin "ba wuri", ya kira babban koginsa Anyder, watau "marar ruwa". Samuel Butler ya hautsina haruffan kalmar Ingilishi mai nufin "babu ko'ina" ya sami Erewhon a 1872. Ursula Le Guin kuwa ta bayyana cewa ta samo Omelas, birnin wani gajeren labarinta na 1973, ta hanyar karanta sunan garin Salem na jihar Oregon daga ƙarshe zuwa farko. Irin wannan suna kacici-kacici ne. Da zarar an warware shi, ya gama aikinsa.

Hanya ta biyu ita ce aro. C.S. Lewis ya ɗauko Narnia daga tsohon sunan Latin na garin Narni a Italiya. Duniyar rairayi ta Tatooine a cikin majigin Star Wars na 1977 ta samo sunanta daga Tataouine, wani gari a kudancin Tunisiya, ƙasar da aka ɗauki wani sashe na majigin.

Hanya ta uku ita ce dogaro da amo. A cikin Gulliver's Travels na 1726 Jonathan Swift ya kira ƙasar tsirarun mutane Lilliput, ta ƙattai kuma Brobdingnag. Bahaushe ba ya bukatar Ingilishi kafin ya gane wacce ce ta ƙattai, domin kunnen da ya saba bambanta "ɗan firit" da "gabjeje" ya riga ya san cewa sauti yana da nauyi.

Kowace daga cikin hanyoyin nan tana iya haifar da suna mai daɗi, amma guda ɗaya ɗaya take haifarwa, kowane yana zaman kansa. Abin da Tolkien ya zo da shi shi ne zuri'ar sunaye, masu dangantaka da juna kamar 'ya'yan gida ɗaya.

3.0 Tsarin Tolkien

Tolkien masanin tarihin harsuna ne. Ya yi aiki a babban ƙamus na Ingilishi na Oksfod bayan Yaƙin Duniya na Farko, ya kuma riƙe kujerar shehun malami a tsohon Ingilishi a jami'ar Oksfod daga 1925 zuwa 1945. Ya fara ƙera harsunansa shekaru da dama kafin ya fitar da The Hobbit a 1937 da The Lord of the Rings a 1954 da 1955, kuma shi da kansa ya bayyana a cikin wasiƙunsa cewa harsunan ne suka riga labaran, an yi labaran ne don a sama wa harsunan mazauni. Biyu daga cikinsu suka fi cika: Quenya, wanda ya sha ruwan harshen mutanen Finlan, da Sindarin, wanda aka ɗora tsarin sautinsa a kan harshen mutanen Wales. Dukansu harsunan jinsin Elf ne, wasu halittu masu kama da mutane waɗanda tsufa ba ya kashe su. Abubuwa huɗu muka ga sun fito daga wannan tushe.

3.1 Maimaituwar Saiwa

A Sindarin "mor" yana nufin baƙi ko duhu, "dor" kuma ƙasa. Saboda haka Mordor ita ce Baƙar Ƙasa, Moria Baƙin Rami, Morannon Baƙar Ƙofa. Da yake "gond" dutse ne, Gondor ta zama Ƙasar Dutse. "Duin" babban kogi ne, sai aka sami Anduin, Dogon Kogi, da Baranduin, kogi mai ruwan ƙasa-ƙasa. "Minas" hasumiya ce, ta kuwa fito a sunayen birane masu ganuwa. Marubucin bai tsayar da labari don ya koyar da wannan darasi ba. Mai karatu ne da kansa, bayan ya ci karo da "mor" sau uku ko huɗu a wuraren tsoro, yakan fara jin faɗuwar gaba duk inda ya gan shi.

Wannan ita ce hanyar da sunayen ƙasa ta gaske suke aiki. Baƙon da ya bi hanya ya wuce Birnin Kudu da Birnin Gwari da Birnin Kebbi, ya kuma ga Tudun Wada da Sabon Gari a garuruwa da dama, zai gane cewa al'umma ɗaya ce mai harshe ɗaya ta zauna a wuraren nan, ko da bai san ma'anar "birni" ko "tudu" ba. Maimaituwa ce shaidar cewa mutane sun zauna.

3.2 Wuri Ɗaya, Suna Barkatai

Babban birnin wadanni da ke ƙarƙashin duwatsu yana da suna fiye da ɗaya. Masu shi suna kiransa Khazad-dûm da harshensu. A harshen gama-gari ana ce masa Dwarrowdelf, watau haƙar wadanni. Moria kuwa suna ne da jinsin Elf suka laƙaba masa bayan bala'i ya cinye shi, kuma ba sunan yabo ba ne. Idan wada ya ce Khazad-dûm, wani kuma ya ce Moria, mai karatu ya ji tsohuwar gaba tsakanin al'ummu biyu ba tare da an yi masa sharhi ba. Haka nan kwarin da ake kira Rivendell a harshen gama-gari, mazaunansa Imladris suke ce masa. Mun san irin wannan a gida. Garin da taswira ta rubuta Zinder, Bahaushe Damagaram yake ce masa, kuma zaɓin da mai magana ya yi yakan nuna daga inda ya fito.

3.3 Gurɓacewar Suna a Baki

Misalin da ya fi ba mu sha'awa shi ne na kogin Baranduin. Hobit, wasu gajerun mutane manoma masu son ci da sha, ba su jin Sindarin. Da sunan ya zo bakinsu sai suka mai da shi Brandywine, wanda a Ingilishi ya haɗa sunayen barasa iri biyu. A cikin kalma guda marubucin ya gaya mana cewa akwai waɗanda suka riga Hobit zama a ƙasar, cewa Hobit sun manta da su, ya kuma nuna mana abin da ke ran Hobit. Haka Sakkwato ta koma Sokoto a alƙalamin Bature.

Akwai kuma garin Bree da tudunsa Bree-hill. Kalmar "bree" daga tsohon harshen mutanen Birtaniya na farko take, ma'anarta tudu, "hill" ma tudu ne. Ke nan sunan "Tudun Tudu" yake nufi. Tolkien ya kwaikwayi abin da ya faru da garin Brill na gaske a Ingila, inda sababbin zuwa suka tarar da suna, ba su san ma'anarsa ba, suka ƙara masa kalmarsu. Mu ma idan muka ce Hamadar Sahara abin da muke yi ke nan, tun da "sahara" a Larabci hamada ce. Marubucin da ya ƙagi kuskure irin wannan da gangan ya fahimci cewa sunayen gaske cike suke da mantuwa.

3.4 Sauya Suna

An gina birane biyu tagwaye a Gondor: Minas Anor, Hasumiyar Rana, da Minas Ithil, Hasumiyar Wata. Da maƙiya suka ci Minas Ithil sai aka koma kiranta Minas Morgul, Hasumiyar Baƙin Sihiri, 'yar'uwarta kuma ta zama Minas Tirith, Hasumiyar Tsaro. Sunaye huɗu sun taƙaita tarihin daula daga zamanin ɗaukaka zuwa zamanin zaman ɗar-ɗar. Wanda ya san cewa babban birnin Chadi Fort-Lamy ne sunansa kafin a mai da shi Injamena a 1973 ba ya bukatar a gaya masa cewa sauya suna alamar sauyin mulki ce.

4.0 Daga Bakin Wa Sunan Ya Fito?

Duk da yabon da muka yi, ma'aunin da muka ɗauka shi ne kuma zai nuna mana gibin aikin. Idan muka buɗe taswirar The Lord of the Rings za mu ga arewa maso yamma cike da sunaye, kowane rafi da tudu da nasa, wani ma biyu ko uku. Amma idan ido ya gangara kudu da gabas sai sunaye su ƙafe. Ƙasar kudu duka Harad ce, an raba ta gida biyu kawai, ta kusa da ta nesa. Ƙasar gabas kuma Rhûn. A Sindarin Harad "kudu" kawai take nufi, Rhûn kuma "gabas". In ban da 'yan sunaye kamar Umbar da Khand, ba a ba mu abin da mutanen waɗannan ƙasashe suke kiran garuruwansu ba. Su ne kuwa mutanen da aka siffanta da duhun fata, aka kawo su fagen fama a bayan giwaye suna yi wa maƙiyi yaƙi.

Masu kare Tolkien sukan ce labarin an tsara shi ne a matsayin abin da Hobit suka rubuta, su kuwa ba su san kudu ba, don haka gibin taswira gibin sanin masu ba da labari ne. Wannan hujja tana da ƙarfi, mun kuma karɓe ta. Sai dai ita ce ma take tabbatar da batunmu. Taswirar ba ta kowa da kowa ba ce, akwai bakin da ya furta ta. Mai karatu ɗan Afirka da ya gane wannan zai lura cewa shi a gefen da ba a raɗa wa suna ba yake tsaye.

Robert Howard, mai labaran Conan da aka buga a Amurka tsakanin 1932 da 1936, ya fi haka ta'adi. Ya ɗebi sunayen Afirka na gaske ya ɗan murɗa su: Kush da Punt da Zembabwei da Darfar. A wani labarinsa na 1935 mutanen Darfar masu cin naman mutane ne. Babu mai jin sunan da ba zai tuna da Darfur ba. A nan aro ya zama ƙazafi, domin sunan yana da masu shi.

Frank Herbert ya nuna wani ɓangare na matsalar a cikin Dune na 1965. Duniyarsa ta hamada Arrakis take, daga sunan Larabci na wani tauraro, mai nufin "mai rawa", kuma bakin mazaunanta cike yake da kalmomi irin su Mahdi da Lisan al-Gaib. Ga Ba'amurke na wancan lokaci waɗannan kalmomi baƙi ne, suna kai shi nesa da gida. Ga almajirin da ya yi karatun zaure kuwa, kalmomin gida ne, har yakan yi mamakin ganinsu a wani tauraro. Ashe baƙunta ba a jikin suna take ba, tana kunnen mai sauraro. Marubucin da ya dogara da ita ya riga ya zaɓi wanda yake yi wa rubutu.

Kada mu ɗauka wannan ciwon Turawa ne kaɗai. Mu ma mukan dunƙule ƙasashe da al'ummu masu yawa mu ce "Kudu" ko "Kurmi". Mun kira wasu mutane Gwari alhali Gbagyi suke kiran kansu, mun kira wasu Kataf alhali Atyap ne sunansu a bakinsu. Bahaushen da ya zauna ƙaga duniya zai iya yin tasa Harad ba tare da ya sani ba.

5.0 Marubuci da Mai Fassara na Hausa

Adabinmu na zube bai rasa gado a wannan fanni ba. A cikin Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar 1933, Abubakar Imam ya ɗaure farkon labarinsa a Kwantagora, garin da kowa ya sani, ya kai ƙarshen neman zuwa ƙasar Irami ta aljannu, sunan da duk wanda ya karanta Suratul Fajri zai ji ya san shi. Watau ya fara da taswira ya ƙare da Littafi, mai karatu kuma bai ji inda ƙafarsa ta bar ƙasa ba. A Magana Jari Ce ya ba mu Sinari da 'yar sarkinta Sinaratu, inda sunan ƙasa da na mutum suka fito daga saiwa ɗaya, irin dabarar da muka gani a 3.1. Ahmadu Ingawa kuwa, da ya juyo labarin jarumin Rasha Ilya Muromets zuwa Iliya Ɗan Maiƙarfi, ya mai da Kiev ta zama Kib, Vladimir ya zama Waldima. Ya yi wa sunayen abin da Hobit suka yi wa Baranduin, har yara da yawa suka karanta littafin ba su san baƙo ba ne. Umaru Dembo ya buɗe ƙofar labaran kimiyya da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969.

Amma a yawancin littattafan jarumta da yaƙe-yaƙe da suka cika kasuwa daga baya, abin da muka lura shi ne marubuci yakan nemi suna mai amon Larabci ya liƙa wa birni, ya nemi wani ya liƙa wa daji, ba tare da wata dangantaka a tsakaninsu ba. Birnin mutane da na aljannu da na matsafa duk amo ɗaya gare su, kamar malami ɗaya ne ya raɗa musu suna a safiya ɗaya. Sakamakon haka mai karatu yakan gama littafin bai riƙe sunan wuri ko ɗaya ba.

Game da fassara, Tolkien ya bar mana ƙa'ida. Bai ji daɗin yadda aka yi da sunayensa ba a fassarar Holanci ta 1956 zuwa 1957 da ta Suwidanci ta 1959 zuwa 1961, don haka ya rubuta jagora ga masu fassara, wadda aka buga a 1975 bayan rasuwarsa. Ƙa'idar ita ce sunayen da ke cikin Ingilishi suna wakiltar harshen gama-gari ne, sai a juya ma'anarsu zuwa harshen mai karatu, sunayen harsunan Elf kuma a bar su yadda suke. Idan aka bi wannan a Hausa, Rivendell za ta iya zama Tsagaggen Kwari, Mirkwood ta zama Kurmin Duhu, dogayen duwatsun tsakiyar taswira su zama Duwatsun Hazo, amma Imladris da Mordor da Gondor su tsaya a kan baƙuntarsu. Hikimar ita ce mai karatu ya ji wasu wurare nasa ne wasu na wasu ne, kamar yadda Hobit suka ji. Mai fassarar da ya bar duka a Ingilishi ya mai da ko'ina baƙon wuri. Wanda ya juya duka zuwa Hausa kuma ya share al'ummu daga taswira.

6.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa ƙagaggen sunan wuri yakan tsaya da ƙafarsa idan yana da dangi, idan yana da kishiyoyi a bakin wasu al'ummu, idan zamani ya taɓa shi ya gurɓata shi ko ya sauya shi. Mun kuma nuna cewa inda sunaye suka ƙafe a taswira, nan ne sanin marubuci ko tausayinsa ya tsaya. Shawararmu ga malaman adabi ita ce su riƙa ɗaukar sunayen wurare a matsayin wani sashe na salo da ya cancanci nazari, daidai da jigo da zubi da tsari. Ga matasan marubuta kuwa, kayan aikin suna gabansu. Wanda ya zauna ya tambayi dattawa dalilin da ya sa aka ce Ƙofar Mata, ko Ƙauran Namoda, ko Dutsin Ma, ya kuma tambayi maƙwabtan da ba Hausawa ba abin da su suke kiran wuraren da muka raɗa wa suna, ya kama hanyar ƙera duniyar da za a gaskata. Hausawa sun ce suna linzami ne. Ya kamata mai nazari ya riƙa tambayar a hannun wa linzamin yake, mai rubutu kuma ya san cewa a hannunsa yake.